Daliget Ɗan Aike Ne, Ba Mai Kaya Ba

Jama'a, da an kaɗa gangar siyasa, kalma ɗaya ce ke yawo a majalisun Dandin Mahe: daliget. Wane ya zama daliget, sai ka ji ana cewa kakarsa ta yanke saƙa. To wai mene ne ma'anarta?

Kalmar Turanci ce, asalinta daga Latin, kuma tushenta shi ne "aikawa". Daliget mutum ne da jama'a suka tura ya yi magana ko ya jefa ƙuri'a a madadinsu. Da Hausa, wakili ke nan. In suna da yawa sun tafi tare, tawaga. Ashe ƙuri'ar da ke hannunsa ba tasa ba ce, ajiya ce aka ba shi.

Mu mutanen ƙasar Shagari mun fi kowa sanin nauyin wannan ajiya. A watan Disamba 1978, a babban taron NPN a Legas, daliget ne suka fifita Alhaji Shehu Shagari a kan Maitama Sule da Adamu Ciroma. Ƙuri'ar wakilai ce ta buɗe masa hanyar zama shugaban ƙasa a 1979.

Sai ga 2022. Dokar zaɓe ta wannan shekarar ta ce in jam'iyya ta bi tsarin daliget, zaɓaɓɓun daliget kaɗai za su fitar da ɗan takara. PDP ta ɗauki mutum uku daga kowace mazaɓa domin zaɓen gwamna, APC ta ɗauki biyar. Ku duba fa: mazaɓa guda mai dubban 'yan jam'iyya, bakinta ya koma mutum uku ko biyar. Shi ya sa masu kuɗi suka daina zagayen ƙauyuka, suka koma farautar daliget a otal. Wanda kuwa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Shi ya karɓa a dare ɗaya, mu ne za mu yi shekara huɗu muna biya.

Matsayinmu a wannan ɓangare a fili yake. Duk ranar da za a fitar da wakilan Dandin Mahe, a yi taro da rana tsaka, a kirga kai a gaban kowa. Ba mu yarda a rubuto mana sunaye daga Sakkwato ba. Kafin wakili ya tafi, ya zauna da mu ya ji wanda muke so; in ya dawo, ya faɗa mana wanda ya zaɓa.

Kai kuma ɗan'uwa da ke neman a tura ka, ka tuna cewa a masallaci ɗaya za mu ci gaba da haɗuwa. Allah ya ba mu wakilai masu riƙon amana.