Kwamfutar hannu ta yi araha, amma a dubi shekarunta

Ranar 14 ga watan Oktoba na 2025, kamfanin Microsoft na ƙasar Amurka ya daina kula da Windows 10, wato tsarin da ke tafiyar da ɗimbin kwamfutoci a duniya. Al'amarin ya auku nesa, amma ya shafi malamin makaranta a Tawa, da sakataren ƙungiyar manoma a Damagaram, da duk mai tara ƴan kuɗinsa domin ya sayi kwamfutar tebur ta hannu.

Na'urar da ke da Windows 10 ba ta mutu ba, tana aiki kamar jiya. Abin da ya tsaya shi ne gyaran tsaro da kamfanin ke aikowa kowane wata domin toshe ƙofofin da ɓarayin intanet ke bi. An dai ba masu rajista ƙarin wa'adi har 13 ga Oktoba na 2026. Magajinsa kuwa, Windows 11, wanda ya fito a 2021, ba ya karɓar kowace na'ura: yana bukatar wani guntun tsaro mai suna TPM 2.0, kuma in ƙwaƙwalwar na'urar ta Intel ce, sai zubi na takwas ko wanda ya biyo baya, wato ƙirar ƙarshen 2017 zuwa gaba.

To, na'urorin da suka kasa cika sharuɗɗan nan, su ne manyan ma'aikatun Turai ke fiddawa daga birorinsu, kuma kasuwar Afirka na cikin wuraren da suke ƙarewa. Dell, HP, Lenovo, kaya ne masu ƙarko, ba a musu. Ga wanda ke karɓar albashi mafi ƙanƙanta, jika 42 tun Janairun 2024, sabuwa ba abin tunani ba ce. Sai dai arahar tana da dalili, kuma mai shago ba kullum yake faɗinsa ba.

A nan ne ake yawan faɗawa tarko. Mai saye yakan ga tambarin "Core i7" a gaban akwati, ya ɗauka ya sami babba. Alhali lambar da ke bin sunan ita ce ke faɗin shekaru. I5-4570 zubi na huɗu ce, ta 2013. I5-8500 zubi na takwas ce. Ƙaramar i3 ta zubi na takwas za ta karɓi Windows 11, i7 ta zubi na uku kuwa ba za ta karɓa ba. Waɗansu masu gyara sun iya cusa sabon tsarin cikin tsohuwar na'ura ta bayan gida, har ya bayyana a allo tsaf, amma Microsoft bai ɗauki alkawarin aiko ma irin wagga na'ura gyara ba. Saboda haka ganin Windows 11 a shago ba shaida ba ce. A buɗe, a karanta lambar da ido.

Sauran dubawa ba su da wuya: RAM ta kai giga 8, ma'ajiyar ta zama SSD maimakon tsohon faifai mai juyawa, sa'annan a bar na'urar a kunne rabin awa, a ji ko fankarta na kuka. Ƙurar hunturu da zafin Afrilu ba su tausaya ma injin da ya riga ya gaji.

Akwai kuma kuɗin da ba a lissafawa. Kwamfutar tebur ba ta da batir, da an ɗauke kuran, aikin da ba a ajiye ba ya tafi. Ba a manta da watan Agusta na 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar. Wanda ya ƙarar da kuɗinsa duka a kan akwati da allo, bai bar na ondilar ba, wato akwatin batir mai riƙe wuta na ƴan mintoci, bai gama ciniki ba.

Ba a ce tsohuwa ba ta da amfani. Domin buga wasiƙa, da lissafin ƙungiya, da koyar da yara, na'urar 2013 ta isa, musamman in an sa mata Linux da LibreOffice, waɗanda kyauta ne kuma ana ci gaba da gyara su. Amma biron da ke riƙe da takardun haihuwa ko albashin ma'aikata, kuma yake haɗe da intanet, bai kamata ya yi tsimi ta nan ba.

Yarjejeniyar Bamako ta 1991 ta hana shigo da shara mai guba cikin Afirka. Wuyar ita ce, a bakin duwan, kwamfutar da za ta yi shekara biyar tana aiki da wadda za ta mutu bayan wata biyu, kamarsu ɗaya cikin kwali.