Inshorar Mota: A Biya Diyya Cikin Lokaci

Tun daga ran 1 ga watan Fabrairu na 2025 'yan sanda suka fara tsananta binciken takardar inshorar mota a ko'ina cikin ƙasar nan. A birnin Katsina ma, duk mai motar da ya bi ta Ƙofar Ƙaura ko ya miƙe hanyar Dutsin-ma ya san ana iya tsayar da shi a ce ya nuna ta. Babu laifi cikin wannan, domin tun 1945, zamanin mulkin Turawa, aka yi dokar da ta wajabta wa mai mota yin inshorar da za ta biya wanda ya yi wa ɓarna a kan hanya.

Haka kuma daga watan Janairu na 2023 aka ɗaga kuɗin wannan inshora ga motar gida daga naira 5,000 zuwa naira 15,000 a shekara, aka ɗaga iyakar diyyar ɓarnar dukiya daga naira miliyan 1 zuwa miliyan 3. Masu motoci sun biya. To, tambayar da ya cancanta a yi yanzu ita ce, idan hatsari ya auku, yaushe ne kamfani zai biya nasa?

Dokar Inshora ta 2003 ta ba kamfani kwana 90 ya biya diyyar da ya amince da ita, ko kuma ya rubuta dalilinsa na ƙin biya. A lokacin da take aiki, idan ya amince amma ya ƙi biya, mai haƙƙi yana iya roƙon Hukumar Kula da Inshora ta Ƙasa, watau NAICOM, ta biya shi daga kuɗin ajiyar da doka ta sa kamfanin ya ajiye. Sai dai dokar ta bar wata kafa, domin a ƙarƙashinta kwanakin biyan ba su fara ƙirguwa sai an fitar da takardar amincewa da adadin diyya. Kafin a kai nan kuwa, ana iya shafe watanni ana cewa a kawo hoton mota, a kawo lissafin bakanike, a jira mai kimanta ɓarna, a kuma jira amsa daga hedkwata a Legas.

A shekarar 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan sabuwar dokar gyaran harkar inshora, wadda ta maye gurbin ta 2003, aka kuma yi alkawarin cewa ba za a ƙara lamuntar jan ƙafa wajen biyan diyya ba. Alkawari kuwa kaya ne.

Jinkirin nan ba ƙaramar cuta ba ce. Ma'aikacin gwamnatin da ya sayi mota da rance zai ci gaba da biyan bashi alhali motar tana jibge a garejin bakanike. Ɗalibin da aka kaɗe a kan babur yana hanyar zuwa makaranta ba zai iya ce wa asibiti ya jira kamfani ba. Bugu da ƙari, tun da darajar naira ta faɗi a 2023 kayan gyaran mota suka yi tsada, saboda haka diyyar da aka kimanta da rani ba lalle ta isa gyara da damina ba. Wannan wahala ce ta sa mutane da yawa ke sasantawa a bakin titi, a ce ƙaddara ce, kowa ya ɗauki asararsa. Haƙuri hali ne na kirki, amma a nan kamfanin da ya karɓi kuɗi ne kaɗai yake cin ribarsa.

Saboda haka wajibi ne NAICOM ta tabbatar kwanakin biya suna fara ƙirguwa daga ranar da aka sanar da kamfani hatsarin, ta sa a buga wa'adin da Hausa a kowane ofishin inshora, ta kuma riƙa bayyana sunayen kamfanonin da suka saɓa. Ya kamata Gwamnatin Jihar Katsina ta nemi a buɗe wurin karɓar koke-koke a nan birnin, don kada talaka ya sha ɗawainiyar zuwa Abuja neman haƙƙinsa.

Masu motoci su ma suna da nasu aikin. Su guji sayen takarda daga hannun 'yan kamasho ba tare da sun duba sahihancinta a rumbun bayanan kamfanonin inshora da ke intanet ba, domin takardar jabu ba ta biyan ko sisi. Idan hatsari ya auku, su sanar da kamfani nan da nan a rubuce, su adana kwafi mai kwanan wata.

Ƙarfin da hukuma ta sa wajen tilasta wa jama'a biyan kuɗin inshora, shi ya kamata ta sa wajen tilasta wa kamfanoni biyan diyya. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.