Lissafin da ke hango rugujewar gini, da matasanmu da ya kamata su koye shi

Ranar 12 ga Yuli, 2024, ginin makarantar Saints Academy da ke Jos ya rufta kan ɗalibai ana tsakiyar karatu, mutum 22 suka rasu. Wata biyu bayan nan madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ambaliya ta shanye unguwanni da dama na Maiduguri. Kafin waɗannan, a watan Nuwamba na 2021, bene mai hawa 21 ya ruguje a Ikoyi da ke Legas, fiye da mutum 40 suka mutu. Duk lokacin da irin haka ta faru sai a yi jaje, a kafa kwamiti, a ɗora laifi kan siminti marar kyau ko ɗan kwangila mai son zuciya. Sau da yawa zargin gaskiya ne. Amma ba a cika tambayar ko muna da isassun masanan da za su iya auna ƙarfin gini, ko gada, ko bututun mai, tun kafin ya kai ga karyewa ba.

Akwai fannin ilimi da aikinsa ke nan: lissafin ƙarfin daskararrun abubuwa da kwamfuta. Masanin fannin yakan ɗauki zanen gada, misali, ya yanka shi a cikin kwamfuta zuwa dubban ƙananan gutsattsari. Kowane gutsure yana da lissafinsa na yadda zai lanƙwashe ko ya miƙe idan an danne shi. Sai kwamfuta ta haɗa su gaba ɗaya, ta nuna inda nauyi ya fi taruwa da inda tsagewa za ta fara. Injiniyoyin kamfanin jiragen sama na Boeing da Farfesa Ray Clough na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ne suka wallafa ɗaya daga cikin ayyukan farko na wannan dabara a 1956, kuma Clough ne ya raɗa mata suna a 1960. A yau da ita ake gwada karon mota kafin a ƙera ta, da fiffiken jirgi, da ƙarfen da ake dasa wa mutum a ƙugu.

Abin da ya sa muke ganin fannin ya dace da mu shi ne araharsa. Ɗakin gwajin da ake murƙushe ginshiƙan kankare yana cin maƙudan kuɗi. Shi kuwa wannan, mafarinsa kwamfuta ce mai ɗan ƙarfi, da wutar lantarki, da kan da ya ƙware a lissafi. Gaskiya ne manhajoji irin su ANSYS da Abaqus suna da tsadar lasisi, amma akwai na kyauta kamar FEniCS da CalculiX da Code_Aster, wadda kamfanin lantarki na Faransa ya samar. Ɗalibin injiniyanci a Zariya ko Kano ko Bauci zai iya sauke su yau ya fara gwaji.

Ƙofofin karatu ma a buɗe suke. Jami'ar Stuttgart da Jami'ar Fasaha ta Munich a Jamus suna da digiri na biyu a wannan fanni, kuma da Turanci ake koyarwa. A Jamus da Holan da Suwidin, mai digirin digirgir a fannin injiniyanci galibi ma'aikaci ne da ake biya albashi, ba ɗalibin da ke biyan kuɗin makaranta ba. Akwai tallafin DAAD na Jamus, da Erasmus Mundus na Tarayyar Turai, da na Commonwealth, da na PTDF a nan gida. Abin da malaman can suke nema a fili yake: lissafi mai ƙarfi, iya rubuta manhaja da Python ko C++, da wani aiki ko da ƙarami ne da mutum ya yi da hannunsa. Takardar sakamako kaɗai ba ta wadatarwa.

Sai dai kada a ɗauka kwamfuta boka ce. A watan Agusta na 1991, gindin kankare na dandamalin haƙar iskar gas mai suna Sleipner A ya nutse a wani mashigin teku kusa da Stavanger a ƙasar Norway, yayin da ake gwajinsa. Bincike ya gano cewa lissafin kwamfutar ya raina ƙarfin da ke kan wasu bangaye da kusan kashi 47 cikin ɗari, saboda an yanka gutsattsarin ba daidai ba. Asarar ta kai kimanin dala miliyan 700. Manhajar ba ta lalace ba, masu amfani da ita ne suka yi kuskure. Wanda ya iya danna maɓalli kawai bai san tushen lissafin ba, hoto mai launi zai fitar, ya sa hannu a kan abin da zai iya kashe mutane.

Nan ne damuwarmu take. Tushen ana gina shi ne a aji, ajin kuwa ya sha wuya. Yajin aikin ASUU na 2022 kaɗai ya cinye wata takwas. Malamin da ya ƙware a wannan fanni yana iya samun ninkin-ba-ninkin albashinsa a wani kamfani a Turai, saboda haka idan ya tafi ba lallai ya dawo ba. Zaginsa ba zai dawo da shi ba. Abin da zai riƙe shi shi ne wurin aiki da abin bincike.

Abin binciken kuwa muna da shi birjik. Yaya jar ƙasarmu take ɗaukar nauyi idan ta jiƙe da ruwan damina? Me ya sa tituna suke tsagewa a kan baƙar ƙasa mai kumbura ta Arewa maso Gabas? Ta yaya za a ƙarfafa ginin tubali ya jure ambaliya? Shekara nawa suka rage wa madatsun Tiga da Bakolori da Goronyo kafin su buƙaci babban gyara? Babu wani masani a Munich da waɗannan tambayoyi za su hana shi barci. Namu ne, mu ya kamata su dama.

Don haka muna kira ga TETFund da ta kafa cibiyar manyan kwamfutoci mai wutar sola a aƙalla jami'a ɗaya a kowace shiyya, wadda sauran jami'o'i da kwalejojin fasaha za su riƙa amfani da ita ta intanet. Gwamnatocin jihohi su riƙa ba sassan injiniyanci na jami'o'insu aikin duba gadoji da madatsu da makarantu, su biya su, su kuma wallafa sakamakon. Ɗalibi kuwa da ke zaman jiran aiki da wayarsa a hannu, ya koma kan littafin lissafin da ya ajiye bayan jarabawa, ya fara da ƙaramin aiki: sandar ƙarfe ɗaya, nauyi ɗaya, ya lissafa da biro, sannan ya duba ko kwamfuta ta ba shi amsa iri ɗaya.