Kwana uku tsakanin tafki da tsauni, a ƙasar da ake saƙa shadda

Babu ɗan kasuwar Maraɗi ko na Damagaram da bai san shaddar Getzner ba, wadda ake kira gezna, amma kaɗan ne suka san cewa a wani ƙaramin gari mai suna Bludenz ake saƙa ta, can ƙarshen yammacin ƙasar Ostiriya, cikin jihar Vorarlberg, a tsakiyar tsaunukan Alp. Asalin kamfanin tun 1818 ne. Kimanin kilomita 50 daga nan akwai Lustenau, garin leshi, wanda ƴan kasuwar Afirka ta Yamma, musamman na Nijeriya, suke yi wa zirga-zirga tun shekarun 1960. Sau da yawa mai zuwa yakan sauka a Zurik, ya gama ciniki, ya koma filin jirgi ba tare da ya ɗaga kai ya dubi dutse ko ɗaya ba. Haka ma ma'aikacin gwamnati da aka aika taro a Janeba, ga shi tsakaninsa da Zurik bai kai awa uku a jirgin ƙasa ba. Alhali kwana uku da motar haya sun isa mutum ya zagaya ɗaya daga cikin yankuna mafi kyau na Turai, in dai ya yi lissafinsa tun daga gida.

Lissafin farko na takarda ne. Suwis da Ostiriya da Jamus duk suna cikin yarjejeniyar Shangen, don haka biza ɗaya ta wadatar, sai dai ana neman ta ne a wajen ƙasar da mutum zai fi daɗewa a ciki. Kuɗinta yuro 90 ne tun watan Yuni 2024, wato sefa jika 59 da ɗoriya, kuma sai an nuna takardar asiransin lafiya ta aƙalla yuro 30,000. Jiragen Air France sun dakatar da zuwa Yamai a watan Agusta 2023, ofishin jakadancin Faransa kuma ya rufe a watan Janairu 2024. Saboda haka tsohuwar hanyar da aka saba bi ta Faris ta sake, kuma maganar inda za a kai takardu ita ce ta farko da ya kamata a warware, makonni da yawa kafin a sayi tikiti.

Wani tarko yana nan da ya fi shafar ƴan kasuwa. Suwis tana cikin Shangen, amma ba ta cikin Tarayyar Turai, wato dai ba a cika tambayar fasfo a bakin iyaka ba, amma duwan na nan daram. Gadar da ta ratsa kogin Rin daga Au zuwa Lustenau ba ta da wani tsawo, duk da haka wanda ya ƙetare ta ya shiga Tarayyar Turai ke nan, kuma doka ta wajabta masa ya bayyana duk tsabar kuɗin da ta kai yuro 10,000, daidai da sefa 6,559,570. Wannan adadi ba wani abu ba ne ga mai sarin shadda. Bayyanawa kyauta ce, takarda kawai ake cikewa. Ɓoyewa ce ke jawo tara da riƙe kuɗin. Haka a dawowa: wanda ya yi sayayyar kansa da ta wuce yuro 75 a kanti ɗaya yana iya neman a mayar masa da harajin saye, wanda yake kashi 20 cikin 100 a Ostiriya, amma sai da hatimin duwan na Ostiriya, kuma a bakin iyaka ake buga shi kafin a shiga Suwis. Wanda ya bari sai ya isa filin jirgin Zurik ya makara. Kayan sari kuwa hanyarsu dabam ce, da mai masana'anta ake shirya takardunsu.

Nisan kansa ba abin tsoro ba ne. Daga Zurik zuwa Bregenz, babban birnin jihar, kimanin kilomita 120 ne, kamar daga Maraɗi zuwa Tasawa, kuma duk zagayen, zuwa da dawowa, bai kai kilomita 500 ba, wato bai kai tafiyar Yamai zuwa Maraɗi ba. Sai dai kilomitan dutse ba irin na gudro miƙaƙƙe ba ne, inda direba zai taka har ya manta da birki. Kilomita 40 a kan tsauni suna iya cin awa guda cur.

Mai ba da hayar mota zai nemi katin banki don ajiyar jingina, da lasin tuƙi na ƙasa da ƙasa tare da na gida, kuma wajibi ne a gaya masa za a ƙetare iyaka. Motar da aka ɗauka a Zurik takan zo da binyet ɗin manyan hanyoyin Suwis, na faran 40 a shekara. Na Ostiriya dabam ne, kuma akwai na kwana ɗaya da na kwana goma. Tun Disamba 2019 guntun babbar hanya daga iyakar Jamus zuwa Hohenems kyauta ne, amma daga nan zuwa Bludenz sai da binyet, kuma tarar rashinsa ta ninka kuɗinsa sau da yawa. Iyakar gudu a babbar hanya 120 ce a Suwis, 130 a Ostiriya, 50 a cikin gari. Na'urorin ɗaukar hoto ba su san magiya ba, kuma takardar tara takan bi mutum ta hannun mai motar har bayan ya koma gida.

Zaɓen ranaku ya fi komai muhimmanci. Masana'anta ba kasuwa ba ce da za a faɗa mata kai tsaye; ana neman ganawa tun kafin a taso. Ranar Lahadi kusan duk kantunan Ostiriya a rufe suke, ranar Asabar kuma ba sa wuce ƙarfe 6 na yamma. Dabara ita ce a gama ciniki Alhamis da safiyar Juma'a, a bar wa tafki yammacin Juma'a, a bar wa tsauni Asabar da Lahadi, ranakun da ko an zauna a gari babu abin da za a saya. Sallar Juma'a ba za ta gagara ba, domin jihar tana da Musulmi da yawa, galibi ƴan asalin Turkiyya, a Bregenz da Dornbirn da Lustenau. Ostiriya ta amince da Musulunci a hukumance tun 1912, kuma a Altach, kusa da Hohenems, akwai maƙabartar Musulmi da aka buɗe a 2012, wadda ta sami lambar yabo ta Aga Khan a fannin gine-gine a 2013. Alƙibla tana kudu maso gabas. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 9 na dare, abin da ke ba matafiyi dogon wuni, ya kuma tura isha'i can cikin dare.

Tafkin Konstans, wanda mutanen wurin ke kira Bodensee, faɗinsa murabba'in kilomita 536 ne, tsawonsa kilomita 63, zurfinsa ya kai mita 251. Wanda tafkin Madarunfa ne ma'auninsa zai ɗauka teku ya gani. Ƙasashe uku ne ke kewaye da shi, kuma abin mamaki, a Turai da aka auna kowane taku na ƙasa, ba su taɓa shata iyaka a tsakiyar babban ruwan ba. Daga Bregenz ana hawa dutsen Pfänder, mai tsawon fiye da mita 1,000, cikin wani ɗan ɗaki da ke rataye a igiyar ƙarfe, kuma daga sama ana ganin tafkin da ƙasashen uku a lokaci guda. Lindau, tsohon gari a kan tsibiri a ɓangaren Jamus, kilomita goma ne kawai. Amma a kula da watannin Yuli da Agusta, lokacin bikin waƙe-waƙe da ake yi a kan dandamalin da aka gina cikin ruwa, biki mai asali tun 1946: ɗakunan kwana sukan yi tsada, in ma an samu. Yuni da Satumba sun fi sauƙi ga aljihu.

Da safiyar Asabar sai a kama hanyar Bludenz, a wuce shi, a shiga kwarin Brand har inda kwalta ta ƙare. Daga nan wani ɗakin igiyar ke kai mutum Lünersee, tafki mai ruwa kore shar, a tsawon mita 1,970 daga teku. Dutsen Bagzan, wanda ya fi kowane tsawo a Nijar, mita 2,022 ne, ke nan mai tsayuwa a bakin wannan ruwa ya kusa kai ƙololuwar Abzin, ga kuma dutsen Schesaplana ya ɗara shi da kusan mita 1,000. Zagaya tafkin a ƙafa kamar awa biyu ne. Zafi yana raguwa da kimanin digiri 6 a kowace mita 1,000, don haka wanda ya bar otal da babbar riga da takalmi silifa zai gane kurensa. Rigar sanyi da takalmi rufaffe ba ado ba ne a can, ko a tsakiyar Yuli.

Tsofaffin littattafan jagora duk suna yabon hanyar Silvretta, mai kwana 34, wadda ke hawa fiye da mita 2,000. Kada a gina shiri a kanta. Zaftarewar duwatsu ta rufe ta daga ɓangaren Vorarlberg a watan Yuli 2024, kuma shekarar 2025 ma a rufe ta wuce. Hanyar da ta fi dacewa ita ce ta gabas, daga Bludenz zuwa Stuben, amma a fita daga babbar hanya kafin ramin Arlberg, mai kusan kilomita 14, wanda ke da kuɗinsa dabam kuma yake fitar da mutum a jihar Tirol. Daga Stuben hanya ta manne da jikin dutse cikin rumfunan da aka gina don kare ta daga dusar ƙanƙara, har mashigar Flexen, mita 1,773. A nan ruwan sama ke rabuwa biyu: wanda ya gangara kudu ya bi kogin Rin zuwa Tekun Arewa, wanda ya gangara arewa ya bi kogin Danub zuwa Baƙin Teku. Ƙasa kaɗan sai Lech, garin attajirai a lokacin sanyi, wanda a lokacin zafi yake komawa ƙauye mai shiru.

Gangara ta fi hawa haɗari, kuma a nan ne direban fili yake kuskure. Wanda ya ɗora ƙafa a kan birki kilomita bayan kilomita, birkin zai yi zafi ya daina kamawa. Ana sa ƙaramar giya ne, inji ya riƙe motar. Daga 1 ga Nuwamba zuwa 15 ga Afrilu dokar Ostiriya ta tilasta tayar sanyi in akwai ƙanƙara a hanya, guntun da ke tsakanin Lech da Warth kuma rufe shi ake yi a lokacin sanyi, don haka wannan zagaye na tsakanin Yuni da Satumba ne.

Daga Warth hanya ta haye mashigar Hochtannberg ta gangara Bregenzerwald, ƙasar makiyaya da cuku. Shanunsu sukan hau tsauni a farkon lokacin zafi su sauko a watan Satumba, an yi musu ado da furanni da ƙararrawa, daidai lokacin da makiyayan Nijar ke taruwa a Ingal. Ranar saukowa garke yakan tare hanya, mota kuma jira take yi. A gidajen abinci na kwarin Jamusanci ake ji, Faransanci ba ya kai mutum ko'ina, don haka kalma ɗaya ta cancanci haddacewa: Schwein, wato alade, wanda yake cikin yawancin naman da ake soyawa. Taliyar cuku da suke kira Käsknöpfle ita ce mafita, bayan an tambaya ko an sa mata nama. Daga Dornbirn, inda kwarin ya fito fili, gadar Lustenau ba ta fi ƴan mintoci ba, kuma wanda yake da takardun haraji ya kamata ya binciki lokutan aikin ofishin duwan tun ranar Juma'a, domin ba kowace mashiga ce ke buga hatimi da yammacin Lahadi ba.