Ra'ayinmu: Malami da Ɗalibinsa Duk Suna Neman Wurin Kwana

A shekarun baya, malamin da aka tura Yasore ko wani ƙauye na bakin dajin Rugu ba ya fargabar masauki. Mai gari kan nema masa ɗaki, maƙwabta su kawo masa tuwo. Rashin tsaro ya rusa wannan tsari. A 2019 mun ga 'yan gudun hijira suna kwana a azuzuwan firamare a garin Batsari, kuma tun daga lokacin jama'a ke kwarara zuwa Batsari, Safana, Dutsinma da birnin Katsina. Masu neman ɗaki suka yi wa ɗakunan yawa, kuɗin haya ya yi tashin gwauron zabi.

Janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023 ya ƙara dagula lamarin, domin siminti da kwanon rufi da katako duk sun yi tsada. An kai mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a 2024, amma albashi wata-wata yake zuwa, mai gida kuwa kuɗin shekara yake so a dunƙule, ga kuma la'adar dillali.

Duk da haka, mu da muke da albashi mun fi wasu dama. Manomin da ya baro gonarsa da matar da aka bar wa marayu suna fakewa a kangaye, ba ƙofa ba makewayi. Muna ganin sakamakon a rajistar aji: yaro ya zo zango ɗaya, zango na biyu a neme shi a rasa, saboda mai kango ya tashe su. Waɗannan ba abokan takararmu ba ne. Iyayen ɗalibanmu ne.

Saboda haka muna kira ga ƙananan hukumomin Batsari da Safana su yanka filaye masu rahusa, a biya da kaɗan-kaɗan, su kuma gyara gidajen malamai da suka lalace. Muna roƙon uwar ƙungiya ta jiha ta zauna da Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya, a fayyace yadda malamin firamare zai ci gajiyar Asusun Gidaje na Ƙasa da aka kafa a 1992. Mu kuma a reshe, mu kafa asusun adashe da zai ranta wa ɗan ƙungiya kuɗin haya ba ruwa, ya biya a hankali. Za mu gabatar da wannan a taronmu mai zuwa, kowa ya zo da shawararsa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah Ya dawo mana da zaman lafiya, kowa ya koma gidansa.