A Buɗe Kabad, A Ba Yara Littattafai

Bayan taron reshe da ya gabata, ruwan sama ya tsare mu a baranda, mu kusan goma sha biyu. Muna cikin jiran ya ɗauke sai wani dattijo daga cikinmu, wanda ya kusa ritaya, ya jefo tambaya: wane littafi ne ya fara shiga ranka kana yaro? Kafin a ce kwabo, mutanen da suka yini suna muhawara a kan ƙarin girma da kuɗin hutu sun koma yara.

Mafi yawanmu Magana Jari Ce muka ambata. Wani ya tuno yadda aku yake jan ɗan sarki Musa da labari bayan labari don ya hana shi fita ya faɗa tarkon waziri. Wani ya ce shi har gobe in ya tuna ramuwar gayya tsakanin Alhaji Imam da Malam Zurƙe ɗan Muhamman a Ruwan Bagaja sai ya yi dariya shi kaɗai. Akwai wanda Iliya Ɗan Maiƙarfi ya hana shi barci, akwai wanda ya zubar da hawaye saboda mahaifiyar Shaihu Umar da ta bazama neman ɗanta. Wata malama kuwa ta ce mu yi mata afuwa, ita a littattafan soyayya na haya karatunta ya nuna, tana ɓoye su a ƙarƙashin katifa.

Da na koma gida Beli na yi ta juya hirar nan a raina, sai na lura da wani abu. Duk cikinmu babu wanda ya ambaci ginin laburare. Ni kaina ban taɓa shiga ɗakin karatu na gaske ba sai da na tafi kwalejin horar da malamai, kuma ranar da na fara shiga Ɗakin Karatu na Murtala Muhammad a Kano tsayawa na yi ina kallon kantoci kamar baƙauye a tasha. Laburaren ƙuruciyata akwatin ƙarfe ne a ofishin hedimasta. Ranar Alhamis malaminmu na aji huɗu yakan sa ƙarti biyu su ɗauko shi zuwa gindin darbejiya, ya karanta mana shafi uku da murya, ya tsaya daidai inda labari ya yi daɗi, ya ce wanda yake son jin ƙarshe ya ara. Haka muka koyi karatu, don son jin ƙarshen labari.

Magabata sun san wannan tun tuni. Lokacin da Dakta Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai a 1933, damuwar ita ce yara suna koyon baƙaƙe da wasulan boko, amma babu abin da za su karanta don nishaɗi. Gasar nan ce ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Jiki Magayi, da Idon Matambayi na Malam Muhammadu Gwarzo, wanda sunansa kaɗai ya isa ya nuna maƙwabcinmu ne. Magana Jari Ce ya biyo baya daga 1937, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a 1939. Sama da shekara casa'in ke nan da gane cewa iya haɗa baƙi bai isa ba sai an sa wa yaro ƙwaɗayi.

To, yau ina muka tsaya? Na koyar a wata makaranta inda aka kawo littattafan karatu kwali-kwali, masu zane da launi, irin waɗanda ba mu taɓa mafarkinsu ba muna yara. Aka jera su a kabad, aka danna kwaɗo. Shekara biyu na yi a wurin, ban ga an buɗe ba sai ranar da masu duba makarantu za su zo. Ranar da aka buɗe kuwa, gara ta riga yaran karantawa. Ban ga laifin shugaban makarantar sosai ba. Shi ya sa hannu ya karɓa, kuma ya san in littafi ya ɓata shi za a titsiye, in kuwa yaro ya gama aji shida bai iya karanta wasiƙa ba, babu mai tambayarsa. Matuƙar lissafin da ake yi mana na adadin littafin da ke kabad ne, kabad zai ci gaba da zama a kulle.

Na san abin da wasu 'yan uwa za su ce: aji mai yara fiye da ɗari, rufin da iska ta yaye, yara a zaune a ƙasa, sannan a zo mana da zancen tatsuniya? Gaskiya ne, kuma ƙungiya ba za ta daina bin waɗannan haƙƙoƙi ba, musamman tunda gwamnatin jiha da kanta ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yunin 2024. Amma yaron da ke aji uku bana ba zai tsaya jiran ɗan kwangila ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Karanta wa yara labari da murya kuma shi ne darasi guda da na sani wanda yawan yara ba ya ɓata shi. Na gwada a aji mai cunkoso, aka yi tsit har ana jin kukan kurciya a waje.

Shawarata ga shugabannin reshe guda biyu ce. Ta farko, a zauna da sakatarorin ilimi na Rogo da Ƙaraye a nemi umarni a rubuce cewa littafin da ya yage ko ya tsufa a hannun ɗalibi ba laifin hedimasta ba ne, muddin akwai rajistar aro. Wannan takarda ɗaya za ta buɗe kwaɗuna da yawa. Ta biyu tamu ce mu malamai: kowane mamba ya zo taro na gaba da littafin Hausa guda ɗaya, sabo ko tsoho, a haɗa akwatuna su riƙa zagayawa tsakanin makarantu zango-zango, a fara da na ƙauyukan da ke nesa da titi. Matan aure da ke karanta wannan mujalla tare da mu, na san akwai littattafan da suka kwana biyu a ƙasan adaka. Za a tace a ware abin da ya dace da shekarun yara, amma kada mu raina su, domin malamar nan da ta nemi afuwa ita ce ta fi mu duka iya karanta labari a gaban aji.

Ni dai na ciro Magana Jari Ce na ɗaya da na biyu da na gada daga yayana, na kai wa tela ya ɗinke bangon. Na uku wani abokina ya ara tun muna kwaleji, kuma na san yana karanta wannan shafi.