Farin Gishiri A Jikin Sabuwar Katanga

Jama'a, wannan mako za mu amsa wata tambaya da ta yawaita cikin wasiƙunku, watau zancen farin abin nan mai kama da kanwa da kan feso a jikin sabon ginin jan bulo. Mutum ya kashe kuɗinsa ya kewaye lambu da katanga, damina ta wuce, iskar hunturu ta kaɗa, sai a wayi gari katanga ta yi fari fat kamar an barbaɗa mata gari. Daga nan sai rigima ta tashi, a ce magini ya ci amana, alhali kuwa sau da yawa ba shi da laifi.

To, ga asalin abin. Gishiri ne, amma ba irin na miya ba. Yakan ɓuya cikin yumɓun da aka yi bulon da shi, ko cikin siminti, ko yashi, ko ruwan zartsin da aka yi kwaɓi da shi, ko kuwa ƙasar da katangar ke tsaye a kai. Muddin bulo yana bushe, gishirin ba ya motsi. In ruwa ya shiga, sai ya narkar da shi, su biyo ƙananan ƙofofin jikin bulo su fito waje. Rana da iska su shanye ruwan, gishiri ya tsaya a fuskar gini. Ashe ruwa shi ne mai laifi.

Saboda haka kada ku wanke shi, gama ruwan wankin zai sake mai da shi ciki. Ku bari katanga ta bushe, ku goge da buroshi mai tauri, ku kwashe abin da ya zuba. Galibi bayan damina ɗaya ko biyu yakan ƙare. Amma in yana komowa kowace shekara, to, ruwa ya sami hanya, kuma a nan haɗari yake. Gishirin yakan daskare ƙarƙashin fatar bulo ya ɓamɓare ta, wani irinsa kuma yakan ci simintin da ke tsakanin bulo har katanga ta tsage.

Ku lura, katangar lambu ta fi bangon ɗaki wahala. Ba ta da rufi, ruwan sama yana dukanta ciki da waje, ga ban ruwan shuka kullum a gindinta, ga taki mai gishiri. Duk da haka ita aka fi yi wa gini da ragowar bulo mai araha. Araha kuwa ba ta ado.

In za ku saya, ku ɗauki bulo biyu ku buga su da juna. Wanda ya gasu sosai yakan yi ƙara kamar ƙarfe. Sa'an nan ku auna nauyin busasshe, ku jiƙa shi kwana ɗaya, ku sake aunawa, don ku san yawan ruwan da yake sha. A Ingila, bulo mai tauri da akan sa inda laima ta yi yawa ba ya shan fiye da kashi 7 cikin 100 na nauyinsa, kuma a Turai bulo mai ƙarancin gishiri yana da alamar S2. Wanda bai sami mai alama ba, ya tsai da bulo cikin tasa mai ruwan sama zurfin inci 1, ya bari ruwan ya ƙafe, ya sake zubawa. In bulon ya bushe ya yi fari da yawa, a bar wa mai shi kayansa.

Wajen gini kuma, kada a jibge bulo a ƙasa ruwa yana dukansa, a ɗora shi bisa katako a rufe. A shimfiɗa leda mai kauri ko kwalta cikin ginin, inci 6 bisa ƙasa, don laima kada ta hau. A yi wa katanga hula wadda bakinta ya zarce jikinta, ruwa ya riƙa ɗiga nesa. Kada kuma a tara ƙasar shuka a jikinta.

Hausawa sun ce, tun ran gini ran zane. Mai lambu ya zauna da magininsa su daidaita kan waɗannan tun ba a aza bulo na fari ba. Allah ya sa mu dace, amin.